Yadda na kai sabar kamfaninmu cibiyar adana bayanai a Legas, na kuma sa mata ido

Ni ne nake kula da kwamfutoci a wani kamfanin sufurin kaya da ke da ofis a Agege. Motocinmu suna ɗauko albasa da wake da busasshen barkono daga Sakkwato da Kano da Funtuwa, su sauke a Mile 12 da wasu kasuwannin Legas, su koma Arewa da kayan masarufi. Takardun kaya, da lissafin kuɗin mota, da bashin 'yan kasuwa, duk a saba guda suke, wato kwamfutar da sauran na'urorinmu ke ɗibar bayanai daga gare ta, mai Ubuntu 22.04 (wani nau'in tsarin Linux) da rumbun bayanai na MariaDB. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne matasanmu da yawa a Legas an ɗora musu irin wannan aiki ba tare da an nuna musu ta inda ake farawa ba. Ana ce maka "ai kai ne ɗan kwamfuta", shi ke nan an sallame ka da kaya.

A farkon 2024 sabar ta fara ba mu wahala. Da asuba akawunmu na Mile 12 zai buɗe manhaja don shigar da motocin da suka iso cikin dare, shafi ya ƙi buɗewa, 'yan kasuwa su yi cirko-cirko a kansa. Sai an buga mini waya, na taso daga gida na kashe na kunna. Wani ɗan ɗaki take a bayan ofis, a kan tebur, da UPS guda, wato batirin da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke, da na'urar sanyaya ɗaki da ba ta aiki sai an tayar da babban janareta. Maigidana ya gaji, ya kira ni ya ce, "Injiniya, abin nan ya tsufa, a sayo sabo kawai." Na ce, "Alhaji, a yi mini haƙuri in karanta abin da ita kanta ta rubuta tukuna. In muka sayi sabuwa ba mu san ciwon ba, ɗakin nan za mu kawo ta, ciwon ya kama ta." Ya ce to, amma kada ya sake jin kukan Mile 12.

Kowace saba tana rubuta abin da ke faruwa a cikinta, kamar littafin ɗan kamasho a tasha: wa ya shigo, ƙarfe nawa, me ya tashi, me ya tsaya. Shi ne log. A Ubuntu yawancinsa yana cikin /var/log. Fayil ɗin syslog na labarin na'ura gaba ɗaya ne, auth.log na masu shiga da masu neman shiga ne, kern.log kuma na abin da ya shafi faifai da ƙwaƙwalwa da sauran kayan ciki. Akwai kuma umarnin journalctl, wanda ya fi sauƙin tacewa. Wanda ya buɗe syslog kai tsaye ya fara karantawa daga sama zai gaji bai ga komai ba, don layukan sun yi yawa kuma galibi ba labarin matsala ba ne. Saƙonnin log suna da matakai takwas, daga 0 na halin gaggawa zuwa 7 na ƙananan bayanai. Da ka rubuta journalctl -p err -b, za ta kawo maka kurakurai da abin da ya fi su muni kaɗai, tun daga kunnawar ƙarshe. In kana son ganin abin da ya faru kafin ta mutu, ka sa -b -1, wato zaman da ya gabata.

Abu na farko da ya ruɗa ni shi ne lokaci. Akawu zai ce abin ya tsaya ƙarfe biyar na asuba, in duba ƙarfe biyar a log in ga babu komai. Ashe agogon sabar a kan UTC yake, wato agogon bai-ɗaya na duniya, mu kuma a Najeriya muna gaba da awa ɗaya, don haka ƙarfe huɗu ya kamata in duba. Bayan haka ɗan batirin da ke riƙe agogo a cikin na'urar, irin CR2032 ɗin nan mai faɗin kwabo, ya mutu, duk lokacin da wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma baya har sai ta samu intanet ta daidaita. Layukan log suka gauraye, na yau ya shige cikin na bara. Na canza batirin, na yi timedatectl set-timezone Africa/Lagos, na sa manhajar chrony ta riƙa daidaita agogo. Wasu ƙwararru sun fi son barin saba a UTC, kuma suna da hujja, amma inda akawu da direba za su riƙa faɗa maka lokaci da agogon hannunsu, na ga gara a yi magana da harshe ɗaya.

Da lokaci ya daidaita, ciwo uku suka fito fili. Na ɗaya, journalctl --list-boots ya nuna sabar tana mutuwa tana tashi cikin dare ba tare da an kashe ta yadda ya kamata ba, wato batirin UPS ba ya riƙe ta daga ɗaukewar wuta zuwa lokacin da maigadi zai tayar da inji. Na biyu, na ga layin da ke cewa "Out of memory: Killed process", a gabansa sunan mariadbd. Idan RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, ta cika, Linux na zaɓar wani aiki ya kashe don ya tsira, kuma rumbun bayananmu ne ya fi kowa cin wuri. Aikin kwafar ajiya da aikin fitar da rahoton rana an saita su a lokaci guda cikin dare, su ne suke cika ta. Na uku shi ne ya tayar mini da hankali: a dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin kayan cikin na'ura, akwai layukan "I/O error" a kan ɗaya daga faifai biyun. Na sa smartctl -a, umarnin duba lafiyar faifai, a kansa, na ga lamba ta 5, mai ƙirga gurabun da suka lalace aka sauya musu wuri, da lamba ta 197, mai ƙirga waɗanda ake shakkarsu, duk sun bar sifili. Faifan yana hanyar mutuwa, da bashin mutane a cikinsa. A auth.log kuma "Failed password for root" ne jere ba iyaka, daga adireshin ƙasashe daban-daban. Wannan ba wani maƙiyi ba ne ya nufo mu. Duk sabar da ta buɗe ƙofa ta 22, wato ta SSH da ake shiga saba daga nesa, ga intanet, na'urorin masu kutse suna gwada ta dare da rana. A ranar na hana shiga da kalmar sirri, na koma makulli na SSH, na sa fail2ban, wanda a yadda ya zo yake toshe adireshi na minti 10 idan ya yi kuskure sau 5 cikin minti 10.

Na buga waɗannan layuka a takarda, na ja musu layi da jan biro, na kai wa Alhaji. Bai san Linux ba, amma ya san lissafi. Na nuna masa cewa na'urar lafiyarta ƙalau, faifai da ƙarin RAM take so, sai kuma wuri mai wuta da sanyi. Ya ɗan yi shiru a kan maganar kai ta wani wuri, don a ganinsa dukiya a gaban mai ita take zama. Abin da ya kawo shi kan hanya shi ne ƙarin kuɗin wuta na watan Afrilun 2024, da aka kai 'yan rukunin Band A, masu samun wuta mafi yawa, naira 225 a kowane yunit, wato kilowat-awa, ga dizal kuma. Da ya haɗa kuɗin sanyaya ɗaki guda dare da rana saboda na'ura ɗaya, ya ce, "Je ka tambayo."

Kafin nan na shiga Computer Village a Ikeja neman faifai. A nan ina roƙon duk mai karatu ya tafi da laftof ɗinsa da wayar haɗa faifai ta USB. Wani mai shago a wajen Otigba ya miƙo mini faifai cikin leda mai ƙyalli, an manne baki, ya rantse sabo ne fil. Na ce zan gwada kafin in biya, ya ɓata rai amma ya bari. Lamba ta 9 a smartctl tana nuna awannin da faifai ya yi a kunne, kuma na wannan, da na raba da 24, kwanakin sun kai shekaru ba watanni ba. Na juya masa fuskar laftof ɗin ya gani. Bai ce komai ba, ya shiga ciki ya fito da wani. Ba laifi ba ne sayen na hannu in ka san na hannu ne kuma aka yi maka farashinsa. Abin da ba na so shi ne in biya kuɗin sabo in ɗora amanar mutane a kan tsoho. Na sayi uku, biyu na aiki, ɗaya na ajiya, na kuma karɓi rasit mai lambar kowane faifai. Na haɗa biyun da mdadm a tsarin RAID 1, wato duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗayan.

Legas ita ce ta fi ko'ina a ƙasar nan cibiyoyin adana bayanai, wato gine-gine masu wuta da sanyi da intanet inda ake ba da hayar wurin ajiye saba. Akwai Rack Centre a Oregun, akwai MDXi a Lekki, wadda ta koma hannun Equinix da ya sayi MainOne a 2022, akwai wasu a Victoria Island. Na tuntuɓi da dama, muka ƙare da wani kamfani da ke karɓar hayar kabad ɗin jera sabobi sukutum a wata cibiya yana raba wa ƙananan kamfanoni irinmu, don saba guda ba ta kai a ba ta kabad ba. Lissafin kuɗin kashi-kashi ne, kuma ya kamata a tambayi kowanne daban. Akwai kuɗin wuri, da ake aunawa da U, kowane U tsayinsa inci 1.75, kabad guda yawanci 42U. Tamu 2U ce. Akwai kuɗin wutar da na'urar za ta ci, da kuɗin layin intanet, da na adireshin IP, da kuɗin haɗawa na farko da ake biya sau ɗaya, sannan harajin VAT na kashi 7.5 a kan duka. Wasu da dala suke yin farashi su juya zuwa naira a ranar biya, don haka na nace a rubuta mana naira na tsawon shekara. Na kuma tambaya ko layinsu yana haɗe da IXPN, mahaɗar intanet ta Najeriya da aka kafa a 2006, don saƙon akawunmu na Kano ya iso Legas ba sai ya zaga ta Turai ba.

Takardu sun fi cin lokaci. Sun nemi takardar rajistar kamfani ta CAC, lambar haraji ta TIN, katin shaidar darakta, wasiƙa a kan takardar kamfani mai ɗauke da sunayen waɗanda aka yarda su shiga wurin na'urar, da sa hannu a yarjejeniya. Alhaji yana Kano a lokacin, dole muka jira ya dawo don suna son sa hannunsa na ainihi. Bayan biya ma ba a tafiya kai tsaye. Sai ka buɗe buƙatar shiga a shafinsu tun kafin ranar, ka rubuta sunanka, lokacin zuwa, da lambar jikin duk abin da za ka shigar, har laftof. Abin da ba ya cikin jerin, a ƙofa zai tsaya. Na kwafi komai a faifai na daban, na zaɓi daren Asabar bayan Mile 12 ta lafa, na sanar da akawu su riƙe takarda da biro zuwa safe. A ƙofa aka karɓi katin shaidata, aka duba lambar sabar da tocila, aka ba ni kati na rataya. Ciki sanyi ne mai shiga ƙashi da ƙarar fanka da ba ka jin maganar na kusa da kai. A tafi da rigar sanyi. Abubuwa biyu suka kusa mayar da ni gida. Wayar wutarmu mai kai uku irin ta soket ɗin ofis ba ta shiga layin wutar kabad, ana buƙatar mai kan C13 da C14. Kuma ƙarafan da ake zura saba a kai ba su zo da tamu ba, sai da ma'aikacin wurin ya samo mini faranti na haya. Kafin in fito na haɗa ƙofar kulawa daga nesa, wadda a Dell ake kira iDRAC, a HP kuma iLO. Da ita za ka kunna saba ko ka ga fuskarta ko da Ubuntu ɗin ya ƙi tashi. Kada a bar wannan ƙofa a buɗe ga duniya, ta bayan VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro a cikin intanet, ake shigarta. Na fito ana kiran assalatu, raina wasai.

Amma yanzu na'urar ta yi nisa da ni. Da, in ta yi shiru zan leƙa ɗaki in ji ko fanka na juyawa. Yanzu sai manhajar sa ido. Na duba Nagios, na duba Prometheus da Grafana, na tsaya a kan Zabbix 6.0, saboda kyauta ce, kuma abu guda ne da ke tattara awo, ya zana, ya aiko da gargaɗi. Ana sa ƙaramin wakilinta a sabar da ake kallo, yana saurare a ƙofa ta 10050, uwar manhajar mai karɓar rahotonsa kuma a 10051. Babban abin da nake so a riƙe shi ne uwar ba ta zama a cikin sabar da take kallo, don in sabar ta mutu da mai ba da labarin za ta mutu. Inda za a ajiye ta ma abin tunani ne. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa, bankuna da kamfanoni da dama a Najeriya suka shiga wani hali. Wanda mai sa idonsa ke Ingila kaɗai a ranar, bai san ko sabarsa ce ta faɗi ko hanya ce ta yanke ba. Saboda haka na ajiye Zabbix a wata ƙaramar kwamfuta a ofishin Agege, da sabon batirin inbata, sannan na sa wata manhaja mai suna Uptime Kuma a wata 'yar sabar haya a waje tana taɓa shafinmu kowane minti, tana kuma taɓa ita Zabbix ɗin.

Da na ɗora samfurin Linux da Zabbix ke zuwa da shi na haɗa da Telegram, wayata ba ta huta ba. Nauyin aikin CPU ya ɗan hau lokacin kwafar ajiya, saƙo. Ya sauka, saƙo. Irin wannan ne ke sa mutum ya daina dubawa, ranar da na gaskiyar ya zo ya wuce shi. Na zauna na raba su biyu da tambaya ɗaya: wannan ya isa a tashe ni daga barci? Waɗanda suka isa kaɗan ne: shafi bai amsa ba na minti 3 a jere, MariaDB ta tsaya, faifai ya kai kashi 90, RAID ya rasa ƙafa ɗaya, ko kwafin ajiya na daren bai fito ba. Wannan na ƙarshen da kaina na rubuta shi, yana duba daɗewar fayil mafi sabo da girmansa, don aikin kwafa yakan mutu shiru ba wanda ya sani. Sauran, irin faifai a kashi 80 ko takardar tsaron shafi da ta kusa ƙarewa, suna jira na gani da safe bayan na sha shayi. Na kuma raba lokacin kwafa da na rahoto, na sa wa MariaDB iyakar RAM da za ta ci, layin "Out of memory" bai sake fitowa ba.

Log ɗin ma yana buƙatar kulawa. Yadda Ubuntu ya zo, logrotate na juya syslog da auth.log mako-mako ya riƙe huɗu na baya, wato abin da ya wuce kusan wata guda ya tafi. Log ɗin manhajarmu kuwa ba wanda ke juya shi, yana ta kumbura, irinsa ne ke cika faifai. Na rubuta masa nasa tsarin, na kuma sa rsyslog ya riƙa tura kwafin komai zuwa kwamfutar Agege ta cikin VPN, domin wanda ya kutsa saba abu na farko da yake gogewa shi ne sawunsa. Da nake karanta log ɗin manhajar na tarar tana rubuta sunayen 'yan kasuwa da lambobin wayarsu da na asusun banki a fili. Na koma wurin wanda ya rubuta mana ita na ce ya rufe. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa kamfani nauyin irin waɗannan bayanai, kuma idan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 ake da ita a sanar da hukumar NDPC. Ko ba doka ma, mutumin da ya ba ka lambar asusunsa don a biya shi kuɗin albasa bai ba ka don ta zauna a fayil ɗin da kowa zai buɗe ba. Haka kuma na daina barin mutane su shiga da suna ɗaya. Kowa da nasa, kowa ta sudo, umarnin da ke ara wa mutum ikon shugaban na'ura, don auth.log ya nuna wanda ya yi me.

Bayan damina ta ja, wani dare wayar ta yi ƙarar da na ware wa manyan saƙonni. Na shiga daga gado na rubuta cat /proc/mdstat don in ga halin RAID. Inda ya kamata in ga [UU], wato faifai biyun suna aiki, sai na ga [U_]. Faifai ɗaya ya fita, ɗayan na riƙe da komai, shafi yana aiki, akawun Mile 12 bai san an yi ba. Gabana ya faɗi duk da haka, don ƙafa ɗaya ce ta rage. Na duba kern.log na tabbatar da wanda ya mutu, na ɗauki lambar jikinsa da smartctl, na tabbatar kwafin daren yana nan. Faifan ajiyar nan na uku tun ranar farko na bar shi a hannun cibiyar da sunan kamfaninmu, don haka ba sai na bi cunkoson Legas ba. Na buɗe buƙatar a taimaka da hannu, na rubuta lambar faifan da lambar ramin da yake, na roƙi ma'aikacin ya karanto mini lambar ta waya bayan ya zaro, kafin ya zura sabon. Wannan hidima ana biyanta daban, da awa ake lissafawa, ya kamata a san farashinta tun ranar sa hannu. Na kwafi tsarin rabon faifan, na yi mdadm --add, na zauna ina kallon kason yana hawa har ya cika. Da safe na je na gaya wa Alhaji. Ya ce, "Yanzu abu ya lalace, an gyara, ban ji kira ko ɗaya ba?" Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe, sai dai a ba ni kuɗin wani faifan ajiya, wancan ya shiga aiki." Nan take ya sa aka rubuta.

Yanzu kowace Litinin ina ware rabin awa in duba journalctl -p warning na makon, da jerin waɗanda suka shiga, da df -h mai nuna wurin da ya rage da df -i mai nuna yawan fayiloli, don faifai na iya ƙin karɓar fayil saboda yawan ƙananan fayiloli alhali da sauran wuri. Farkon kowane wata ina ɗauko kwafin ajiya in tayar da shi a wata kwamfuta, in sa akawu ya duba lissafin ɗan kasuwa guda ya tabbatar daidai ne. Na rubuta duk matakan nan a takarda, da lambar cibiyar da yadda ake buɗe buƙata, na sa makullan shiga a ambulan da aka rufe a akwatin Alhaji. Akwai wani yaro ɗan bautar ƙasa da aka turo mana daga Zariya, na sa shi a Telegram ɗin, na kuma aika sunansa cibiyar a ƙara a jerin masu shiga. Sun ce sai da sabuwar wasiƙa mai sa hannun Alhaji, ita muke jira ya dawo daga Funtuwa ya sa.